Kun Tambaya, Mun Amsa: Ina Asalin Robat Mai Ƙarfi, Kakan Sarakunan Faransa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Maraɗi. A darasin tarihin Faransa muna koya wa yara cewa Hugu Kape ya hau gadon sarauta a 987, kuma zuriyarsa ce ta riƙe mulkin ƙasar har zuwa juyin juya hali. Wani ɗalibi ya tambaye ni asalin gidansu, na iya kai shi zuwa ga wani Robat Mai Ƙarfi, daga nan sai na tsaya. Shin wane ne mahaifin Robat, kuma ta yaya masana ke gano salsalar mutanen da suka rayu fiye da shekara dubu da suka wuce?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Inda ka tsaya ɗin nan, nan ne tabbas ya tsaya, kuma abin da ke gaba da shi rinjayen zato ne, ko da yake zato ne mai ƙarfi wanda aka gina a kan takardu.

Bari mu fara da abin da babu jayayya a kansa. Hugu Kape ɗa ne ga Hugu Babba, wanda ya rasu a 956. Hugu Babba ɗa ne ga Sarki Robat na Ɗaya, wanda ya yi sarauta shekara guda kacal kafin a kashe shi a yaƙin Soissons a 923. Robat na Ɗaya ƙane ne ga Sarki Odo, wanda ya kare birnin Paris lokacin da maharan Viking, masu zuwa ta ruwa daga arewacin Turai, suka yi masa ƙawanya daga 885 zuwa 886, aka kuma naɗa shi sarki a 888. Mahaifin su biyun shi ne mutumin da Faransawa ke kira Robert le Fort, wato Robat Mai Ƙarfi. Kowace gaɓa a wannan sarƙa tana da shaidar marubutan zamaninta.

Shi Robat ɗin ya bayyana sarai a takardun yammacin daular Farankawa, ɓangaren da ya zama Faransa daga baya, a farkon shekarun 850. A 852 yana riƙe da gidan zuhudu, wato inda masu ibadar Kirista ke keɓe kansu, na Marmoutier kusa da birnin Tours, duk da cewa shi ba malamin addini ba ne, domin a wancan zamani sarki kan ba wa manyan mayaƙansa irin waɗannan gidaje su ci amfanin gonakinsu. A 853 Sarki Sharl Mai Sanƙo ya sa shi cikin wakilan da ya tura su duba al'amuran yankunan Maine da Anjou da Touraine. A 858 ya shiga sahun masu tawaye ga sarkin, a 861 suka shirya, aka damƙa masa tsaron ƙasar da ke tsakanin kogin Seine da kogin Loire. A 866 ya gamu da ajalinsa a ƙauyen Brissarthe, arewa da Angers. Regino, tsohon shugaban gidan zuhudu na Prüm, wanda ya rubuta tarihinsa wajen 908, ya ba da labarin dalla-dalla: maharan Viking na kan hanyar komawa jiragensu da ganima sai Robat ya tare su, suka faɗa cikin wata majami'a ta dutse suka rufe ƙofa. Da yamma ta yi, zafi ya dami Robat, ya cire kwalkwali da sulke yana jiran a kafa sansani, sai kawai maharan suka ɓalle ƙofa suka fito da ihu. Ya shiga faɗan haka nan ba sulke, suka kashe shi a bakin ƙofar, suka ja gawarsa zuwa ciki.

To, duk da wannan bayani mai yawa game da mutuwarsa, babu ko ɗaya daga cikin marubutan da suka yi zamani da shi da ya ambaci sunan mahaifinsa. Ga su masu rubutun, mutum ne sananne da ba ya buƙatar gabatarwa, kuma damuwarsu yaƙi ce da siyasar fada.

Wanda ya fara ba da suna shi ne Richer, wani ɗan zuhudu na birnin Reims, wanda ya yi rubutu a shekarun 990, wato fiye da shekara 120 bayan rasuwar Robat. Ya ce mahaifin Robat wani baƙo ne Bajamushe mai suna Witichin. Wani marubucin da ya biyo baya kaɗan, Aimoin na Fleury, ya ce Robat daga ƙabilar Saksan ya fito. Daga nan ne wasu suka ɗora cewa jikan Widukind ne, shugaban Saksan ɗin nan da ya daɗe yana yaƙar Sharlaman, babban sarkin Farankawa, kafin ya miƙa wuya a 785. Masana na yau ba su karɓi wannan ba, saboda sunan Witichin bai sake fitowa ko sau ɗaya a cikin 'ya'ya da jikokin Robat ba, kuma an san Richer da ƙawata labari. Akwai kuma bayani mai sauƙi game da yadda zancen Saksan ya shigo: mahaifiyar Hugu Kape, Hedwig, 'yar Sarki Henri ce na Jamus kuma 'yar'uwar Sarki Otto na Ɗaya, su kuwa Saksan ne na gaske, don haka ba wuya a ɗauki asalin uwa a jingina wa kakan uba. Amma akwai abu guda da ya kamata a riƙe daga maganar Richer, shi ne cewa a ƙarshen ƙarni na 10 mutane na tuna cewa gidan nan daga gabas ya zo.

Amsar da mafi yawan masana suka fi karkata gare ta a yau ta fito ne daga wani kundi na gidan zuhudu na Lorsch, wanda ke kusa da birnin Worms a bakin kogin Rhin, cikin Jamus ta yanzu. An kafa Lorsch a 764, kuma waɗanda suka kafa shi su ne wani hakimi mai suna Cancor da mahaifiyarsa Williswinda, matar wani marigayi hakimi Robat. A ƙarni na 12 'yan zuhudun gidan suka zauna suka kwafe takardun kyaututtukan da aka yi musu cikin babban littafi guda, wanda ke ɗauke da bayanai sama da 3,800. Kowace takarda tana faɗin wanda ya ba da gona ko gonar inabi, ƙauyen da take, wanda aka yi sadakar domin ransa, da shaidu. Wani masani Bajamushe, Karl Glöckner, wanda ya shirya wannan kundi don bugawa, shi ne ya lura a shekarun 1930 da wani zare da ya ratsa takardun, daga baya kuma Karl Ferdinand Werner ya ƙarfafa hujjar.

Ga yadda zaren yake. A farkon ƙarni na 9 akwai wani Robat da ke riƙe da hakimcin yankin Worms. A 834 matarsa Waldrada ta yi kyauta ga Lorsch domin ransa, ke nan ya riga ya rasu. A 836 wani mutum da takardar ta kira Robat ɗan hakimi Robat ya ba da kyautar fili a ƙauyen Mettenheim. Ba da daɗewa ba wannan saurayi ya ɓace daga takardun yankin. A 840 Sarki Luwi, ɗan Sharlaman, ya rasu, 'ya'yansa uku suka kama yaƙi da juna, har aka raba daular a yarjejeniyar Verdun ta 843, inda Worms ta faɗa hannun Luwi na Jamus. Manyan mutane da dama da suka goyi bayan wani ɗan sarki dabam sun bar gidajensu sun bi ubangidansu, kuma a cikin shekaru goma sai ga wani Robat ya bayyana a yamma yana cikin amintattun Sharl Mai Sanƙo. Idan a nan hujjar ta tsaya, da ba ta wuce daidaituwar suna ba. Abin da ya ba ta nauyi shi ne wasu shaidu biyu. A 876 wani hakimi mai suna Megingoz tare da wani ɗan'uwansa Odo sun yi wa Lorsch kyauta a wannan ƙauye na Mettenheim, shekara goma bayan mutuwar Robat Mai Ƙarfi, lokacin da ɗansa Odo yake matashi kuma an riga an miƙa muƙaman mahaifinsa ga wani. Sannan Regino, da yake ba da labarin kisan wani hakimi Megingoz a 892, ya ce mamacin ɗan'uwan Sarki Odo ne. Ke nan an sami ƙauye guda, sunaye uku da ke zagayawa cikin dangi guda, da marubuci na zamanin da ya haɗa sarkin Paris da mutanen kogin Rhin.

A nawa ganin wannan hujja ce mai kyau, kuma da ni ne a gaban aji, zan gaya wa yara cewa mafi rinjayen zato Robat Mai Ƙarfi ɗan Robat hakimin Worms ne. Sai dai zan ƙara musu da cewa babu wata takarda da ta faɗi haka kai tsaye, kuma akwai masana masu tsantseni, irin su Constance Bouchard ta Amurka, da suka daɗe suna gargaɗi a kan yawan dogaro da kamannin suna wajen ɗinke salsala. Kalmar Latin da Regino ya yi amfani da ita, wato nepos, tana iya nufin jika ko ɗan ɗan'uwa ko ma wani dangi na nesa, kuma ba ta bambance dangin uwa da na uba ba. Saboda haka yana yiwuwa dangantakar Odo da Megingoz ta wajen mace ta biyo. Idan kuma aka nemi hawa sama daga Robat na Worms zuwa ga Robat mijin Williswinda, gaɓoɓin suna ƙara rauni, domin kowane mataki yana jingine ne a kan wanda ke ƙarƙashinsa.

Tambaya: Me ya sa ba za a bi sunan gidan kawai ba? Ai idan sunansu Kape, sai a nemi duk mai sunan Kape a tsofaffin takardu. Daga wata ɗaliba a Jami'ar Bayero, Kano.

Amsa: Malama, a ƙarni na 8 da na 9 babu sunan gida a ƙasar Farankawa. Mutum suna guda gare shi, wani lokaci a haɗa da muƙaminsa. Kape laƙabi ne da aka liƙa wa Hugu, kuma marubutan baya ne suka mayar da shi sunan zuriya. Sunayen gida sun fara kafuwa ne tsakanin ƙarni na 11 da na 12, lokacin da masu sarauta suka fara kiran kansu da sunan ganuwar da suke zaune a ciki. Tambarin gida da ake zanawa a garkuwa sai a tsakiyar ƙarni na 12 ya bayyana. Rajistar haihuwa kuwa, sai a 1539 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya wajabta wa limaman coci su riƙa rubuta sunayen jariran da aka yi wa baftisma.

Abin da mai bincike ke da shi a madadin haka abubuwa ne guda uku da dole ya haɗa su wuri guda. Na farko sunan yanka, domin manyan gidaje suna da sunayen da suke ɗauka tamkar dukiyarsu, ba a sa wa yaro suna sai na kakansa ko kawunsa, kamar yadda a wurinmu ake yi wa mahaifi takwara har sunan ya yi ta dawowa a gida ɗaya. Robat da Odo da Hugu sun yi ta zagayawa a wannan gida, kuma shigowar sabon suna yawanci alama ce ta aure da wani babban gida. Dalilin ke nan da ya sa wasu masana ke ganin sunan Odo ya shigo ne ta dangantaka da Odo hakimin Orléans, wanda aka kashe a 834, wanda kuma 'yarsa Ermentrude ta auri Sharl Mai Sanƙo a 842. Idan haka ne, an sami bayanin yadda baƙo daga gabas ya sami shiga a fadar yamma da wuri. Na biyu ƙasa, wato a ga gona ko ƙauye ɗaya yana wucewa daga hannu zuwa hannu. Na uku addu'a: gidajen zuhudu irin su Reichenau da Remiremont suna da littattafan da ake rubuta sunayen waɗanda za a yi wa addu'a, kuma sau da yawa mai ziyara yakan sa a rubuta iyayensa da 'yan'uwansa a jere a shafi guda. Suna shi kaɗai ba hujja ba ne, amma idan suna da ƙasa da addu'a suka haɗu a kan mutum ɗaya, to an sami abin kamawa.

Tambaya: Na ga wani jadawalin nasaba a intanet da ya kai sarakunan Faransa har zuwa ga mutanen birnin Troy na zamanin da. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ba gaskiya ba ne, ɗan'uwa, amma ƙaryar tsohuwa ce, ba a intanet aka ƙirƙire ta ba. Tun a ƙarni na 7 wani marubucin Farankawa ya rubuta cewa ƙabilarsu ta fito ne daga waɗanda suka tsira daga rushewar Troy, domin su yi kafaɗa da Rumawa masu irin wannan iƙirari.

Gidan Kape yana da tasa damuwar ta musamman. Hugu ya hau sarauta ne alhali akwai wani jinin Sharlaman a raye, daga gidan sarkin da ya gabace shi, wato Sharl na Lorraine, wanda ya yi yaƙi a kan haƙƙinsa har aka kama shi a 991 ya ƙare a tsare. Tabon ƙwace ya daɗe yana bin gidan, har a ƙarni na 14 aka riƙa yaɗa tatsuniyar cewa Hugu jinin mahautan Paris ne. Shi ya sa marubutan fada suka yi ta murna da hawan Luwi na Takwas a 1223, domin mahaifiyarsa Isabelle ta Hainaut tana da nasaba da Sharlaman, suka ce sarauta ta koma tsatsonta. A ƙarni na 17, lokacin da Faransa ke yaƙi da Sifen, aka mayar da nasaba makami. Jean-Jacques Chifflet, likitan sarkin Sifen, ya yi rubutu yana nuna cewa gidan Habsburg, wanda ke sarautar Sifen a lokacin, ya fi cancantar gadon Sharlaman, sai Jean du Bouchet ya fito a 1646 da salsalar da ta haɗa Robat Mai Ƙarfi da Childebrand, ɗan'uwan kakan Sharlaman. Yawancin jadawalin da ke yawo a yau daga irin waɗannan littattafai aka kwafo su, aka cire kalmar wataƙila.

Kada kuma a ɗauka cewa tsohuwar takarda ba ta ƙarya. Da aka sake tantance takardun da ake jingina wa sarakunan gidan Merovingian, waɗanda suka gabaci gidan Sharlaman, aka buga sakamakon a 2001, an gano kusan kashi biyu cikin uku na jabu ne, yawanci 'yan zuhudu ne suka ƙirƙira su daga baya don kare gonakinsu. Ko manyan masana an taɓa rufe musu ido. A ƙarshen ƙarni na 17 wani Jean-Pierre de Bar ya ƙirƙiri takardun da ke haɗa gidan La Tour, wani babban gida a Faransa, da tsofaffin hakiman yankin Auvergne, kuma Jean Mabillon da kansa, wanda ya kafa ilimin tantance takardu da littafinsa na 1681, yana cikin waɗanda suka duba su suka ce ingantattu ne. An hukunta de Bar a 1704, amma Étienne Baluze ya yi amfani da takardun a littafinsa na 1708, abin da ya ja masa kora daga Paris a 1710. Idan ka ga jadawali, ka duba kowane layi da ya haɗa uba da ɗa, ka tambaya wace takarda ce ta faɗi haka, kuma shekara nawa ne tsakaninta da mutanen da take magana a kansu.

Tambaya: Yanzu da ake gwajin ƙwayoyin halitta, ba za a iya warware maganar gaba ɗaya ba? Daga wani ma'aikacin lafiya a Zariya.

Amsa: Gwajin yana da amfani, amma yana buƙatar abu biyu da za a kwatanta. Ɓangare ɗaya yana nan, domin zuriyar Robat ta wajen maza ba ta yanke ba: reshen farko ya ƙare a 1328, reshen Valois ya karɓa har 1589, sannan reshen Bourbon, wanda Sarki Felipe na Shida na Sifen da gidan sarautar Luxembourg suka fito daga cikinsa. A 2013 masana a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun gwada maza uku masu rai daga rassan Bourbon dabam-dabam, suka tarar alamar da ake gado daga uba zuwa ɗa iri ɗaya ce a jikinsu. Wannan ya tabbatar da salsalarsu zuwa ga kakan da suka haɗu a kansa a ƙarni na 17, ya kuma nuna cewa wani busasshen kai da ake cewa na Henri na Huɗu ne, da wani jini da ake cewa na Luwi na Sha Shida ne, ba su dace da su ba. Kafin nan, a 2000, irin wannan gwaji ta wajen uwa ya tabbatar da cewa zuciyar da aka adana ta yaron da ya mutu a kurkuku a 1795, wanda ake cewa ɗan Luwi na Sha Shida ne, ta jinin Marie-Antoinette ce, matar sarkin.

Ɓangare na biyu shi ne babu. Domin a gwada maganar Glöckner, ana buƙatar ƙasusuwan da aka tabbatar na Robat hakimin Worms ne ko na wani namiji daga gidansa. Ko a Faransa, a watan Oktoba na 1793 'yan juyin juya hali sun tone kaburburan sarakuna a majami'ar Saint-Denis, suka zuba gawarwakin cikin ramuka biyu suka rufe da farar ƙasa mai cin nama, kuma da aka tono su a 1817 ƙasusuwan sun riga sun cakuɗe, aka tara su wuri guda a ƙarƙashin majami'ar. Haka kuma alamar da ake gado ta wajen uba ba ta bambance uba da kawu ko ɗan baffa, saboda duk maza na tsatso ɗaya suna ɗauke da ita. Ko da za a sami kabarin da ya dace a Lorsch, iyakar abin da gwajin zai nuna shi ne cewa Robat Mai Ƙarfi ɗan wannan gida ne, sunan mahaifinsa kuwa sai an koma ga takardar 836 da ta 876.